Tsatsa Ba Ta Sallama: Yadda Ake Kare Ƙarƙashin Mota Da Feshin Mai

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ga ya dace a ba ni wannan dama. Kamar yadda kowa ya ji a rahoton Ma'aji, gudummawar da muka yi shekara uku muna tarawa ta kusa isa a saya wa makaranta motar a-kori-kura, wadda za ta riƙa ɗauko abincin ɗalibai da itace da takin gonar makaranta, ta kuma kai marar lafiya asibiti idan dare ya tsala. Tun da kuɗinmu ba za su kai ga sabuwa fil ba, ta hannu za mu saya. Da yake a sashen kula da motoci nake aiki a ma'aikatarmu, sai aka ce in yi wa kwamiti bayanin abin da ya kamata a lura da shi. Wasu za su yi maganar inji, wasu ta giya. Ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan wurin da mai saye ba ya cika leƙawa, wato ƙarƙashin mota, da abin da ke cin sa a ɓoye, wato tsatsa.

Dalilina shi ne, duk shekara idan aka fito da motocin da za a yi gwanjonsu, nakan ga waɗansu da injinsu ke tashi da bugu ɗaya, amma an yanke musu hukunci saboda shasinsu ya ruɓe. Inji idan ya buga ana sauke shi a ɗora wani. Shasi kuwa shi ne ƙashin bayan mota, a kansa inji da giya da bodi da sifirin suke zaune, idan ya tafi to motar ta tafi.

Mece ce tsatsa?

Ina roƙon malamanmu na kimiyya su yi mini afuwa, zan ɗan ari allinsu. Duk wanda ya zauna a ɗakin gwaje-gwajen makarantar nan zai tuna gwajin nan na ƙusa uku a kwalabe uku. Kwalba ta farko ruwa ne da iska, ƙusar cikinta ta yi ja cikin 'yan kwanaki. Ta biyu busasshiyar iska ce, an sa maganin da ke tsotse danshi an toshe bakin, ƙusar ba ta yi komai ba. Ta uku kuma tafasasshen ruwa ne wanda iskar cikinsa ta fice, sannan aka zuba mai a samansa ya hana sabuwar iska shiga, ita ma ƙusar ta zauna fes. A lokacin mun ɗauka karatun cin jarrabawa ne kawai. To, jama'a, duk jawabina na yau yana cikin wannan kwalba ta uku.

Abin da gwajin ya koya mana shi ne, ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun tarar da shi tare. Idan ka raba shi da ɗayansu ka tsare shi. Gishiri shi kaɗai ba ya cin ƙarfe, amma idan ya narke a ruwa yakan sa ruwan ya riƙa ɗaukar lantarki da sauƙi, sai aikin da zai ɗauki shekaru ya gudana cikin watanni. Bugu da ƙari, tsatsa ba ta manne wa ƙarfe ta rufe shi. Kumbura take yi ta ɓanɓare, ta tona sabon ƙarfe a ƙarƙashinta, ta kuma riƙe danshi kamar soso. Shi ya sa idan ta kama wuri ba ta tsayawa don kanta. Wani bincike da ƙungiyar masana lalacewar ƙarafa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsatsa da dangoginta na jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a shekara, wato kimanin kashi 3.4 cikin ɗari na dukan abin da duniya ke samarwa.

Inda matsalar ta fi ƙamari

Maganar fesa wa ƙarƙashin mota mai ta samo asali ne daga ƙasashen sanyi, musamman Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai. A can, idan hunturu ya shigo, ƙanƙara kan daskare a kan titi har mota ta riƙa zamewa kamar an shafa wa hanya sabulu. Maganin da suka samo shi ne su watsa gishiri, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan daɗi. Jihar New Hampshire ta Amurka ce ta fara gwada wannan dabara a 1938, daga nan ta bazu. Amurka kan zuba wajen tan miliyan 20 na gishiri a titunanta a shekara, Kanada kuma wajen tan miliyan 5. Ban da gishirin da muka sani, suna amfani da waɗansu irinsa masu kalshiyam da maganiziyam, waɗanda ke jawo danshi daga iska, ta yadda ko an ajiye mota a gareji ƙarƙashinta ba ya bushewa.

Ku duba halin da motar da ke bin irin wannan hanya wata huɗu ko biyar a kowace shekara take ciki. Tayoyi na watsa ruwan gishiri da tsakuwa a jikin shasi, tsakuwar ta ɓare fenti, ruwan ya shige. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shasin a-kori-kura da yawa kamar bututu yake mai kusurwa huɗu, cikinsa rami ne, laka da gishiri su taru a ciki su toshe ƙofofin da aka bari don ruwa ya tsiyaye. Daga nan sai ƙarfen ya riƙa ruɓewa daga ciki zuwa waje, mai motar yana ta goge bodi yana jin daɗin sheƙinta.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce, domin ta taɓa har kamfanonin da muka fi amincewa da su. A 2008 kamfanin Toyota ya tsawaita garantin shasin motocinsa ƙirar Tacoma na 1995 zuwa 2000 zuwa shekara 15, har ya saye waɗansu daga hannun masu su saboda ruɓewar shasi. A 2016 kuma ya amince da sulhu a kotun Amurka wanda aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, a kan motoci kimanin miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia. Haka nan a 2015 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, bayan ta yi shekaru tana binciken fashewar bututun man birki a waɗansu manyan motocin General Motors, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashin motocinsu suna kuma duba bututun. Wannan ya nuna mana cewa abin ya wuce asarar kuɗi. Bututun birki siriri ne, idan tsatsa ta huda shi direba zai taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ko da kamfanin Ford ya koma yin bodin motarsa F-150 da alminiyam daga ƙirar 2015, shasin ya bar shi na ƙarfe, saboda haka matsalar tana nan inda take.

Magunguna iri uku

Abin da ake rufe ƙarƙashin mota da shi ya kasu kashi uku. Na farko shi ne mai tauri, irin baƙin nan mai kama da kwalta ko roba, wanda ake fesawa ya bushe ya zama ɓawo. Yana da kyau a ido, yana rage ƙarar tsakuwa, kuma idan an sa shi a kan sabon ƙarfe mai tsabta yakan yi aiki. Illarsa ita ce da tafiya ta yi tafiya yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya kwanta tsakaninsa da ƙarfe ya rasa hanyar fita. Idan kuwa a kan tsatsa aka fesa shi, to an lulluɓe gyambo ne da bandeji ba a wanke ba.

Na biyu shi ne mai kakin zuma ko makamancinsa, irin su Waxoyl da Dinitrol da aka fi sani a Turai. Ana fesa shi da ruwa-ruwa, sai ya daskare ya yi laushi kamar kyandir. Ya fi dacewa da cikin ƙofofi da ramukan bodi, kuma yakan daɗe, sai dai shi ma yana so a same shi da ƙarfe busasshe mai tsabta.

Na uku, wanda shi ne batunmu, shi ne mai wanda ba ya bushewa. A cikinsa akwai wanda aka haɗa da man fetur da aka tace, kamar na kamfanonin Rust Check da Krown na Kanada, waɗanda aka kafa a 1973 da 1986. Akwai kuma wanda aka haɗa da maiƙon gashin tumaki, kamar Fluid Film, wanda aka fara yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin kare jiragen ruwan sojan Amurka daga ruwan teku. Wannan maiƙo shi ne ke hana ruwan sama ratsa ulun tunkiya, idan an wanke ulun sai a tace shi a ajiye.

Fifikon mai a kan sauran biyun shi ne yana tafiya. Duk wanda ya taɓa ɗiga man gyaɗa a takarda ya ga yadda ɗigo ɗaya ke yaɗuwa. Haka wannan mai yake bin tsaga da haɗin walda da tsakanin ganyen sifirin da gindin noti, wuraren da fenti ba ya isa, kuma nan ne tsatsa ke farawa. Yana ture ruwa daga jikin ƙarfe ya maye gurbinsa. Idan tsakuwa ta karce shi, na gefe ya malalo ya rufe wurin. Yana kuma ratsa tsatsar da ta riga ta kama ya raba ta da iska, ta yadda cinta zai ragu ƙwarai. Ga tsohuwar mota, wadda ba yadda za a yi a kankare ko'ina a ga farin ƙarfe, babu abin da ya fi shi. Amma a sani, ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Shasin da ya huje aikin mai walda ne, wani lokaci ma ya wuce nan.

Aibinsa guda ne: ruwan hanya na wanke shi sannu a hankali, musamman a bayan tayoyi. Saboda haka sai an sake shi duk shekara. A ƙasashen sanyi galibi kafin hunturu ake yi, kamar yadda manomi ke gyaran gona kafin ruwa ya sauka.

Yadda ake yin aikin

Da farko a wanke ƙarƙashin motar sosai da ruwa mai ƙarfi, a zura tiyo cikin shasi har sai ruwan da ke fitowa ya yi fari, a kuma buɗe ƙofofin tsiyayar ruwa da suka toshe. Sai a bar ta ta bushe kwana ɗaya ko biyu. Sannan a ɗora ta a kan rami ko a ɗaga ta a tokare da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa burushin waya da ƙaramar guduma a kakkaɓe ɓawon tsatsar da ya saki, domin idan an fesa mai a kan ɓawon, ranar da ya faɗi da man zai faɗi. A sauke safayar taya, saboda samanta maɓoyar laka ce.

Daga nan sai feshi. Ana amfani da bindigar feshi da kwamfireso, da wani siririn tiyo mai tsawo wanda bakinsa ke watsa mai ta kowane gefe. Shi ake zurawa cikin shasi ta ramukan da ke jikinsa, a riƙa jawo shi a hankali ana fesawa. Cikin ya fi wajen muhimmanci. Bayan nan a bi wajen shasi, da gadojin da suka haɗa ɓangarorinsa biyu, da mazaunin sifirin, da bututun birki da na mai, da ɗamarar da ke riƙe da tanki, da ƙasan akwatin kaya, da cikin ƙofar baya. Masu wannan sana'a a Kanada har ƙananan ramuka suke hudawa a gefen ƙofofi su fesa ciki, su toshe da marfin roba. Galan ɗaya, wato lita huɗu ba kaɗan, yakan ishi a-kori-kura guda.

Akwai wuraren da ba a yarda mai ya taɓa ba. Na farko birki, faifansa da takalminsa, sai a rufe su da leda kafin a fara. Na biyu salansa da bututun hayaƙi, saboda zafi, in ba haka ba motar ta yi ta hayaƙi da wari. Na uku bel ɗin inji da fuskar taya. Robobin ƙafa da na ƙofa kuma a yi hattara da su, domin man da aka yi da fetur yana kumbura wasu irin roba. Mai feshin ya rufe hanci da ido. Bayan an gama motar za ta yi ɗigo na kwana ɗaya ko biyu, sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, a kuma guji wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi.

Ina ruwanmu da gishirin Kanada?

Na san wani zai ce, mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara a titi ba, me ya haɗa mu da wannan? Gaskiya ne Allah Ya hutar da mu. Ƙarfe mai tsabta ba ya saurin tsatsa idan danshin iska bai kai kashi 60 cikin ɗari ba, mu kuwa a lokacin hunturunmu iska busasshiya ce ƙwarai, har leɓe ya tsage. Shi ya sa tsofaffin Fijo da Landiroba suka daɗe a Arewa fiye da 'yan uwansu na Ikko da Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri.

Amma ruwanmu ya zo ta hanya biyu. Ta farko, motocin hannu da muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, da yawansu daga waɗannan ƙasashe suka fito. Motar da ta yi shekara goma a Ontariyo ko Mishigan ko Niyok ta sha gishirin hunturu goma kafin a loda ta a jirgi, kuma gishirin da ke cikin shasinta ya biyo ta har nan, yana jiran damina. Ta biyu, aikin da muke sa a-kori-kura shi ma yana da nasa gishirin. Takin zamani yana cin ƙarfe ƙwarai idan ya jiƙe. Fitsari da kashin dabbobi haka. Kanwa da gishirin da ake ɗaukowa a buhu haka. Ga kuma lakar watan Agusta da ke maƙalewa a lungunan shasi ta yi makonni ba ta bushe ba. Motar makarantarmu za ta haɗu da yawancin waɗannan.

Sai kuma al'adarmu ta gareji. Kowa ya san idan an kai mota wanki akan tambaya ko a fesa mata baƙin mai da gas a ƙasa. Bakanikenmu sun gano gaskiyar da ke cikin kwalba ta uku ba tare da sun shiga aji ba, kuma sun cancanci yabo. Sai dai kayan aikin ne ba su dace ba. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da ƙurar ƙarafa da dattin ƙonuwa da ɗan tsami, an kuma tabbatar yawan taɓa shi na da haɗari ga fata, har yana iya kai wa ga ciwon daji. Gas ɗin da ake sirka shi da shi yana lalata robobin ƙafa, ga shi ba ya daɗewa a jikin ƙarfe, ruwan farko ya wanke shi zuwa kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man da aka juye daga mota ɗaya a juyi ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Mu da rijiyar burtsatsen makaranta ke kusa da inda za a ajiye motar, bai kamata mu yi wasa da wannan ba. Araha ba ta ado.

Game da ƙura kuma, gaskiya ne mai yana kama ta, kuma tamu ta fi ta Kanada yawa. Saboda haka a wurinmu a fi ba cikin shasi ƙarfi, inda ƙura ba ta cika shiga ba, a waje kuwa a fesa shi siriri, kada a yi masa lafta.

Shawarata ga kwamiti

Na ɗaya, ranar sayen mota a tafi da bakanike da tocila da ƙaramar guduma, kuma kada a biya ko kwabo sai an ɗora ta a rami. A ƙwanƙwasa shasin tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa amsawa yake yi kamar an bugi kwali. A fi duba wajen mazaunin sifirin na baya da kusa da tanki. A zura yatsa cikin ramukan shasi, idan ɓawon tsatsa ya cika su, a bar ta.

Na biyu, idan aka ga an shafe ƙarƙashin tsohuwar mota da sabon baƙin fenti mai kauri, a tsaya a tambayi dalili. Mai yiwuwa kyan ɗan maciji ne.

Na uku, a karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a bincika tarihin motar ta intanet. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, sau da yawa za a ga jihar da ta zauna, da ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Wadda ta fito daga busasshiyar jiha kamar Arizona ta fi wadda ta fito daga jihohin gishiri, ko da ta ɗan fi tsada.

Na huɗu, da zarar an sayo ta a yi mata wankin ƙasa na sosai a fitar da tsohon gishiri, sannan a fesa man da aka yi domin wannan aiki. Daga nan a riƙa maimaitawa kowace shekara a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya zauna. Duk ranar da ta ɗauko taki ko dabbobi, a wanke akwatin kayan a ranar.

Na biyar, wanda a ganina ya fi sauran, a ware kuɗin wannan aiki a kasafin ƙungiya na kowace shekara, a buɗe wa motar littafi, a kuma damƙa shi a hannun mutum guda da za a riƙa tambaya a wannan taro. Abin da aikin ofis ya nuna mini shi ne, sayen mota yana da biki da hoto da jawabi, feshin ƙarƙashinta kuwa ba wanda ke gani balle ya yaba, don haka shi ake fara yankewa idan kuɗi sun yi ƙaranci. Kayan kowa da kowa ne ke rasa mai shi. Ina kuma roƙon malaman kimiyya da na koyon sana'a su riƙa kai ɗalibai su ga yadda ake yin aikin, domin su ga gwajin ƙusa ya fito daga kwalba ya shiga gareji.

Iyayenmu malamai, ku kuka koya mana cewa rigakafi ya fi magani. Wannan mota guminmu ce, akwai waɗanda suka rage daga cefanen gidansu suka ba da gudummawa. Idan mun kula da ita, ɗaliban da ba su ma shigo makarantar nan ba tukuna za su ci moriyarta.

 Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.